Daga Gida Ɗaya Zuwa Gungu 200: Yadda Masu Safarar Ƙwaya a Meksiko Suka Yi Ta Cin Amanar Juna

Ranar 25 ga Yulin 2024, wani ƙaramin jirgin sama ya sauka kusa da birnin El Paso, a kan iyakar Amurka da Meksiko, ɗauke da fasinja biyu. Ɗayan dattijo ne ɗan shekara 76, Ismael Zambada, wanda duniya ta sani da El Mayo. Kusan shekara 50 ya yi yana safarar miyagun ƙwayoyi bai taɓa kwana a gidan yari ba. Ɗayan kuma Joaquin Guzman Lopez ne, ɗan tsohon abokin kasuwancinsa El Chapo. Suna sauka jami'an Amurka suka yi awon gaba da su.

Bayan kamar mako biyu, El Mayo ya fitar da wasiƙa ta hannun lauyansa. Ya ce shi ba da son ransa ya hau jirgin ba. Yaron ne ya gayyace shi taro a kusa da birnin Culiacan, aka yi masa kwanton ɓauna, aka rufe masa fuska, aka ɗaure shi aka jefa cikin jirgi. Ranar 9 ga Satumba yaƙi ya ɓarke a jihar Sinaloa tsakanin 'ya'yan El Chapo da mutanen El Mayo. Kafin shekara ta zagayo an kashe fiye da mutum 1,000, wasu da dama sun ɓata, makarantu da shaguna suka yi ta rufewa.

Idan a fim ka fara sanin waɗannan mutane, wataƙila ka ɗauka babban yaƙinsu da gwamnati suke yi. Amma idan ka bi tarihin za ka tarar mafi yawan jinin da ya zuba, tsakaninsu ya zuba, kuma da yawa daga cikin masu farautar juna yau tuwo ɗaya iyayen gidansu suka ci jiya. To me ke raba su? Kuma me ya sa duk lokacin da aka kama wani babba, maimakon abin ya lafa sai ya ƙara ƙamari? Bari mu bi abin daga tushe.

Kasuwar da ba ta da alƙali

Fara da kuɗin. Kilo ɗaya na hodar iblis da aka saya a Kolombiya, kafin ya isa hannun manyan dillalai a Amurka farashinsa ya ninka fiye da sau goma. Hodar ba ta canza ba, tsallaka iyaka kawai ta yi. Saboda haka abin da ya fi daraja a wannan harka shi ne hanya. Iyakar Meksiko da Amurka ta haura kilomita 3,000, amma mashigan da manyan motocin kaya ke bi ba su da yawa: Tijuana, Ciudad Juarez, Nuevo Laredo, Reynosa, Matamoros da wasu 'yan kaɗan. A bakin masu harkar, kowane irin wannan yanki sunansa plaza. Wanda ya riƙe plaza shi ke wucewa da kayansa, shi ke karɓar kuɗin wucewa a hannun duk wanda zai bi ta wurin.

Yanzu ka yi tunanin ɗan kasuwa na halal da abokin cinikinsa ya cinye masa kuɗi. Yana da inda zai je: shugaban kasuwa, 'yan sanda, kotu. Akwai rasit, akwai shaidu. Mai safarar hodar iblis ba shi da ko ɗaya. Idan kayan dala miliyan biyar suka ɓace a hanya, ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali, kuma ba shi da hanyar tabbatar da ko kama kayan aka yi ko yaransa ne suka karkatar da su. Abu biyu kawai ke riƙe alkawari a irin wannan kasuwa: zumunci da tsoro. Shi ya sa za ka ga ƙungiyoyin nan cike suke da wa da ƙani, suruki da ɗan baffa, 'yan ƙauye ɗaya. Shi ya sa kuma duk ranar da zumuncin ya tsinke, bindiga kaɗai ke saura.

Riƙe wannan a ranka, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Lokacin da gidan yake ɗaya

Tsaunukan da suka haɗa jihohin Sinaloa, Durango da Chihuahua sun daɗe ana noma tabar wiwi da furen da ake haɗa hiroyin da shi. A tsakiyar shekarun 1970 sojojin Meksiko, da taimakon Amurka, suka far wa yankin da farmaki da feshin maganin kashe shuka. Ƙananan manoma suka sha wuya. Manyan dillalan kuwa sai suka tattara suka koma Guadalajara, babban birnin jihar Jalisco, inda akwai bankuna da filin jirgi da manyan mutane.

A can ne mutum uku 'yan asalin Sinaloa suka zama ginshiƙin abin da daga baya aka kira ƙungiyar Guadalajara: Miguel Angel Felix Gallardo, tsohon ɗan sanda da ya taɓa zama mai tsaron gwamna, da Rafael Caro Quintero, da Ernesto Fonseca. Sa'arsu ta zo ne a farkon shekarun 1980, lokacin da Amurka ta matsa lamba a hanyar tekun Karebiyan zuwa Florida, wadda 'yan Kolombiya ke bi da hodarsu. 'Yan Kolombiya suka nemi wata hanya, sai ga 'yan Meksiko da suka riga suka san kowane lungu na iyakar. Da farko ladan dako ake biyan su. Daga baya suka ce a riƙa biyan su da wani kaso na hodar, su sayar da kansu. Daga nan ɗan dako ya fara zama mai kaya.

Akwai kuma wani abin da ya riƙe gidan: rumfar hukuma. Jam'iyyar PRI ce ke mulkin Meksiko tun 1929, kuma hukumar leƙen asirin ƙasar ta wancan lokaci, DFS, tana da jami'ai da ke ba masu safarar kariya. Wato akwai wani babba a sama da zai iya cewa wane ka tsaya nan, wane ka tsaya can. Alƙalin banza ne, amma dai alƙali ne.

A Nuwamban 1984 sojoji suka kai samame wata katafariyar gonar wiwi ta Caro Quintero mai suna Bufalo a Chihuahua. A ranar 7 ga Fabrairun 1985 aka sace Enrique Camarena, jami'in hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka, DEA, a Guadalajara, aka azabtar da shi har ya mutu. Amurka ta fusata. Cikin wata biyu aka kama Caro Quintero da Fonseca, aka rusa hukumar DFS a wannan shekarar. Felix Gallardo ya ƙara shekara huɗu a waje, sai a Afrilun 1989 aka kama shi.

Rabon gado

Da uban gida ya tafi, yaransa suka raba hanyoyin. 'Yan'uwan nan na gidan Arellano Felix suka riƙe Tijuana. Ciudad Juarez ta ƙare a hannun Amado Carrillo Fuentes, wanda ake yi wa laƙabi da Ubangidan Sararin Sama saboda jiragen Boeing 727 da yake jigilar hoda da su. Joaquin Guzman, wato El Chapo, da Hector Palma da El Mayo suka zama tushen ƙungiyar Sinaloa. A can gabas kuma, a Matamoros, akwai ƙungiyar Golfo, wadda ita tun asali gidanta daban.

Ka lura da matsalar da ke cikin wannan rabo. Mutanen Sinaloa suna da gona da tashar ruwa, amma jiharsu ba ta taɓa iyakar Amurka ba. Dole su bi ta ƙofar wani, su biya. Shi kuwa mai ƙofa kullum yana zargin ana wucewa da kaya a ɓoye. Ba a daɗe ba Tijuana da Sinaloa suka fara kashe juna. Ranar 24 ga Mayun 1993, a filin jirgin Guadalajara, 'yan bindiga suka harbe babban limamin Katolika, Kadinal Juan Jesus Posadas Ocampo, tare da wasu mutum shida. Bayanin gwamnati shi ne mutanen Arellano Felix ne suka zo kashe El Chapo suka ɗauka motar limamin tasa ce. Har yau akwai masu musanta wannan bayani a Meksiko. Bayan 'yan makonni aka kama El Chapo a Guatemala.

Gwamnati ma ba ta tsira daga rabuwar ba, domin kowane ɓangare ya sayi nasa jami'an. A Fabrairun 1997 aka kama Janar Jesus Gutierrez Rebollo, shugaban hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar baki ɗaya, bayan an gano yana cin kuɗin Amado Carrillo. An bai wa kura ajiyar nama ke nan. Janar ɗin ya yi suna wajen kama masu safara, sai dai abokan gabar mai biyan sa yake kamawa. A Yulin wannan shekarar shi kansa Amado ya mutu a wani asibiti a birnin Meksiko, wurin tiyatar sauya kamannin fuska.

A daidai wannan lokaci manyan Kolombiya ma sun faɗi. An kashe Pablo Escobar a Disamban 1993, an kama shugabannin ƙungiyar Cali a 1995. Riba ta ƙara gangarowa hannun 'yan Meksiko, abin da ake faɗa a kansa ya ƙara girma.

Rumfar ta yaye

Ga wani ɓangare da ba a cika kawowa a fim ba. Masana siyasa biyu, Guillermo Trejo da Sandra Ley, sun bi diddigin yaƙe-yaƙen farko na ƙungiyoyin nan a wani littafi da suka fitar a 2020. Sun gano cewa rikicin ya fi tashi a jihohin da jam'iyyar PRI ta faɗi zaɓen gwamna. Jiha ta farko da 'yan adawa suka karɓe ita ce Baja California a 1989, kuma nan ne Tijuana take. Sabon gwamna yakan zo da sabbin shugabannin 'yan sanda, tsohuwar yarjejeniyar kariya ta wargaje. Mai safarar da ya wayi gari ba shi da 'yan sandan da ke tsare masa plaza sai ya kafa rundunarsa. Da rundunar ta samu, sai ya ga ai tana iya ƙwato masa ta maƙwabci ma.

A 2000 PRI ta rasa kujerar shugaban ƙasa bayan shekara 71. Wannan ci gaba ne ga dimokuraɗiyya, babu shakka. Amma an rushe tsohon tsarin da ke raba faɗa ba tare da an gina kotuna da 'yan sanda masu gaskiya da za su maye gurbinsa ba. A Janairun 2001 El Chapo ya tsere daga gidan yarin Puente Grande. A 2002 aka kashe Ramon Arellano Felix, aka kama ɗan'uwansa Benjamin. Sinaloa ta ga ƙofofi sun yi sako-sako, ta fara kutsawa.

Ranar da mai gadi ya gane ƙarfinsa

Wanda ya kai wannan dabara ta kafa runduna maƙura shi ne Osiel Cardenas, shugaban Golfo. A ƙarshen shekarun 1990 ya janyo wasu sojoji kimanin 30 daga rundunar musamman ta Meksiko, ya ba su albashin da gwamnati ba za ta iya ba su ba. Su ne Los Zetas. Aikinsu tsaron maigida da karɓo bashi.

An kama Cardenas a 2003, aka miƙa shi ga Amurka a 2007. Sai Zetas suka dubi kansu: bindiga a hannunsu take, su suka san hanya, su ake tsoro. To don me za su ci gaba da karɓar umarni? A farkon 2010 suka ɓalle, jihohin Tamaulipas da Nuevo Leon suka zama fagen daga. Da yake su ba su gaji tsohuwar alaƙa da masu noman ƙwaya ba kamar mutanen Sinaloa, sai suka faɗaɗa sana'ar zuwa abin da soja ya fi iyawa, wato mamaye yanki da tatsar duk wanda ke cikinsa: garkuwa da mutane, harajin dole a kan 'yan kasuwa, satar man fetur daga bututu, tare baƙin haure. A Agustan 2010, a garin San Fernando, suka kashe baƙin haure 72 da ke kan hanyar zuwa Amurka.

Su ma abin da suka yi wa maigidansu bai bar su ba. An kashe shugabansu Heriberto Lazcano a 2012, aka kama magajinsa Miguel Treviño a 2013, ƙungiyar ta dare gida-gida, ɓangarorin suna yaƙar juna.

An sare kan maciji, sai me?

A Disamban 2006 sabon shugaban ƙasa Felipe Calderon ya tura dubban sojoji jiharsa ta Michoacan, ya buɗe abin da ake kira yaƙi da ƙwayoyi. Dabarar ita ce a bi shugabanni ɗaya bayan ɗaya. A 2009 gwamnati ta fitar da sunayen mutum 37 da ta fi nema, kuma kafin wa'adinsa ya ƙare an kama ko an kashe mafi yawansu. Mu a Hausa idan aiki bai kammala ba mukan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. To a nan an sare kan. Ga abin da ya biyo baya: a 2007 an yi kisan kai kusan 9,000 a faɗin Meksiko, a 2011 adadin ya haura 27,000.

Dubi labarin gidan Beltran Leyva ka ga yadda abin ke aiki. 'Yan'uwa ne da suka fito daga ƙaramar hukuma ɗaya da El Chapo, Badiraguato, har da auratayya a tsakaninsu. A Janairun 2008 sojoji suka kama ɗayansu, Alfredo. Sauran suka yi imani El Chapo ne ya tsegunta. A watan Mayu aka harbe Edgar, ɗan El Chapo, a Culiacan. Gida ya rabu biyu. A Disamban 2009 sojojin ruwa suka kashe babbansu, Arturo, a Cuernavaca, aka yi ta murna. Amma yaransa ba su koma gona ba. Kowane kwamanda ya ja nasa mutanen ya kafa tuta. Daga cikin waɗannan ɓaraguzai ne aka samu Guerreros Unidos, ƙungiyar da, tare da haɗin bakin 'yan sandan garin Iguala, ake tuhuma da ɓatar da ɗalibai 43 na kwalejin horon malamai ta Ayotzinapa a Satumban 2014.

Haka kuma a Yulin 2010 sojoji suka kashe Ignacio Coronel, wakilin Sinaloa a jihar Jalisco. Waɗanda ke ƙarƙashin inuwarsa suka rabu biyu suna zargin juna da cin amana. Ɓangaren da ya yi nasara, ƙarƙashin Nemesio Oseguera da ake kira El Mencho, shi ya zama ƙungiyar Jalisco Nueva Generacion. A Mayun 2015 ta harbo jirgin soja mai saukar ungulu, ta kuma zama babbar kishiyar Sinaloa a faɗin ƙasar.

Wani abin takaici ya ƙara fitowa daga baya. Genaro Garcia Luna, ministan tsaron jama'a na Calderon, wanda ya jagoranci yaƙin, wata kotu a New York ta same shi da laifin karɓar cin hanci daga ƙungiyar Sinaloa a 2023.

Abin da lissafi ke cewa

Me ya sa cire shugaba ke ƙara zubar da jini? Akwai dalilai uku da za ka iya bi da hankalinka.

Na farko, gadon kujera. Ƙungiyar da ba ta da rubutacciyar doka ba ta da tsarin naɗa magaji. Ɗa yana ganin gadonsa ne, mataimaki yana ganin guminsa ne. Maƙwabta kuma suna kallo, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masaniyar tattalin arziki Melissa Dell ta gwada wannan da alƙaluma a wani bincike da aka wallafa a 2015. Ta kwatanta garuruwan da jam'iyyar Calderon ta ci zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da ƙyar da waɗanda ta faɗi da ƙyar. Garuruwan kusan iri ɗaya ne, bambancin kawai a na farkon an fi matsa wa masu safara. Ta tarar kashe-kashe sun ƙaru sosai a inda aka matsa, kuma mafi yawansu na abokan hamayya ne da ke neman ƙwace yankin daga wanda aka raunana.

Na biyu, zargi. Masana lissafin dabarun yanke shawara suna da wani sanannen misali na fursunoni biyu da aka tsare a ɗaki daban-daban. An ce wa kowanne idan ya tona asirin ɗan'uwansa za a sassauta masa. Da za su yi shiru tare da sun fi tsira, amma tunda babu wanda ya tabbata ɗayan zai yi shiru, kowa sai ya riga ɗan'uwansa magana. Kotunan Amurka da wannan suke aiki. A shari'ar El Chapo a New York, cikin manyan shaidun da suka tsaya a kansa har da ɗan El Mayo, Vicente, da ƙanin El Mayo, Jesus. Idan ka san duk wanda aka kama zai iya sayar da kai don ya rage wa kansa shekaru, to tun kafin a kama shi ka fara yi masa kallon maƙiyi.

Na uku, yawan iyakoki. Idan ƙungiyoyi 5 ne a ƙasa, hanyoyin da biyu daga cikinsu za su iya yin karo 10 ne. Idan suka zama 20, hanyoyin sun zama 190. Idan suka kai 150, lissafin ya kai 11,175. Ba duka ne za su haɗu ba, tunda wasu sun yi nisa da juna, amma ka ga yadda damar faɗa ke ninkuwa fiye da yadda adadin ƙungiyoyin ke ƙaruwa. Sulhu tsakanin mutum biyar abu ne mai yiwuwa. Tsakanin ɗari kuwa, ko an ƙulla, wani zai warware. Ƙungiyar bincike ta International Crisis Group ta ƙirga kusan gungu 200 masu ɗauke da makamai a Meksiko a 2020, fiye da ninki biyu na abin da ake da shi shekara goma kafin nan.

Kuma ƙaramin gungu ya fi babba cutar da talaka. Ba shi da jirgi, ba shi da abokin hulɗa a Kolombiya, amma yana da bindiga da yaran da ke jiran albashi. Saboda haka sai ya juya kan maƙwabtansa: mai shago, direban bas, manomin lemun tsami da na fiya a Michoacan.

Komawa Sinaloa

Sinaloa ta daɗe ana ganin ta fi sauran jure girgiza, don ba shugaba ɗaya gare ta ba, haɗakar gidaje ce. An sake kama El Chapo a 2014, ya tsere a Yulin 2015 ta wani rami mai tsawon kilomita ɗaya da rabi da aka haƙa har ƙarƙashin banɗakin ɗakinsa, aka kuma kama shi a Janairun 2016, aka miƙa shi ga Amurka a 2017. A 2019 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Duk da haka kaya bai daina wucewa ba.

Sai dai tsarar ta canza, kayan ma sun canza. 'Ya'yan El Chapo, waɗanda ake kira Los Chapitos, ba su taso a tsauni suna noma tare da El Mayo ba, ba su da wannan tsohon zumunci. Sannan ga fentanil, ƙwayar da ake haɗawa daga sinadarai, wadda ta fi hiroyin ƙarfi kusan sau 50. Ba ta buƙatar gona ko damina ko ɗaruruwan manoma. Wanda ya samu sinadaran da ɗan ɗaki ya shiga kasuwa. Wannan ya rage wa kowa buƙatar ɗan'uwansa. Ya kuma jawo fushin Amurka, inda mutanen da ke mutuwa saboda shan ƙwaya fiye da kima suka haura 100,000 a shekara tsakanin 2021 da 2023, mafi yawansu ta dalilin fentanil. Aka kama Ovidio, ɗaya daga cikin 'ya'yan, a Janairun 2023, aka miƙa shi ga Amurka a watan Satumba. Ka tuna misalin fursunonin nan biyu. Bayan wata goma, jirgin da muka fara da shi ya sauka da El Mayo a ciki.

Kada ka ɗauka harkar haɗa ƙwaya da sinadarai ta tsaya a can nesa. A Maris na 2016 hukumar NDLEA ta gano wata babbar masana'antar haɗa metamfetamin a Asaba, jihar Delta, kuma cikin waɗanda ta kama har da 'yan Meksiko huɗu.

To mene ne mafita?

Kada ka fahimci wannan tarihi a matsayin cewa a bar manyan masu laifi su sha iska. Zaman lafiyar zamanin Guadalajara da cin hanci aka saye shi, kuma shi ya haifi duk abin da ya biyo baya. Abin da tarihin ke nunawa shi ne kama shugaba kaɗai ba ya taɓa abubuwan da ke riƙe da kasuwar: masu saye a Amurka, bindigogin da ke gangarowa daga can (kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka kama a Meksiko aka bi diddiginsu daga Amurka suka fito), jami'an da ake saye, da samarin da ke shiga.

A kan samarin nan, wani bincike da Rafael Prieto-Curiel da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2023 ya ƙiyasta cewa ƙungiyoyin na da mutum kimanin 175,000, abin da zai sa su zama na biyar a jerin masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Don cike gurbin waɗanda ake kashewa, ake ɗaurewa ko suke guduwa, sai sun ɗauki sabbi kimanin 350 zuwa 370 kowane mako. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidaya ba, amma abin da ya nuna ya cancanci a tsaya a kansa: ko an ninka yawan waɗanda ake ɗaurewa, kashe-kashen za su ci gaba da ƙaruwa, alhali rage masu shiga shi ke sauko da su.

Su waɗannan sabbin shiga su ne ke mutuwa a duk rabuwar da ka karanta a sama, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Manyan kan ƙare a kotun Amurka suna cinikin shekarun ɗauri da lauyoyinsu. A gida kuwa, rajistar gwamnatin Meksiko ta mutanen da suka ɓata ta haura 100,000 tun 2022, kuma akwai ƙungiyoyin iyaye mata da ke yawo da shebur da sandar ƙarfe a dazuka suna neman kaburburan 'ya'yansu. Saboda haka duk ranar da ka ji a labarai an kama wani ƙasurgumin mai safara, kafin ka ce an gama, tambayi wa zai gaji hanyar, su nawa ne ke ganin su suka cancanta, kuma su wane ne ke zaune a garin da za a yi rabon.